Laulayin da Ya Kama Har Surukina

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar da na yi a Gulma ba, ranar da na wuni ina renon ciki a zuciyata, har na raɗa wa abin da ke ciki suna, alhali abin da nake ɗauke da shi daban ne.

Lokacin muna cikin shekara ta uku da aure, ni da maigidana Bashar. Muna zaune a Nassarawa, cikin Birnin Kebbi. Shi yana aiki a sakatariya, ni ina koyar da 'yan aji biyu a wata firamare. Allah bai ba mu haihuwa ba tukuna. Babu wanda ya taɓa gaya mini magana a kan haka, kuma shirun nan ne ya fi yi mini nauyi. In na je gidan suna, da sauri ake miƙo mini jariri, a ce in riƙe, Allah ya kawo nawa. In riƙe, in shaƙi ƙamshin kansa, in dawo gida a keke ina kallon titi amma ba na ganin komai. (Tun ina yarinya haka nake, jikina yana nan, ni ina can wani wuri. Malamai sun sha jifana da alli.)

Ranar Juma'a muka je Argungu bikin wata 'yar ƙanin babansa. Aka ci shinkafa da kifi, hannu goma a faranti ɗaya, kofin zoɓo yana yawo daga baki zuwa baki. Da aka watse sai muka wuce Gulma, gidan iyayensa, mu kwana biyu.

Mutanen gidan ba su da yawa. Akwai Inna, mahaifiyarsa, mace mai saurin hannu da ƙarancin magana. Akwai ƙanwarsa Shafa, wadda ta zo biki da 'yarta Ummi da ta fara tafiya ke nan. Sai Baba, mahaifinsa, manomin shinkafa, wanda mutanen unguwa ke kira Malam. Tsakanina da Baba kuwa kunya ce irin ta da. In na ji gyaran muryarsa daga zaure, na durƙusa ke nan, kaina a ƙasa, in gaishe shi ya amsa ya wuce. Da za a jera mini takalman dattawan Gulma, zan fitar da nasa. Fuskarsa ce ban da tabbas.

Da safiyar Asabar Inna ta sa kifi a mai. Ƙaurin yana isowa inda nake wanke kofuna sai na ji cikina ya juya. Da ƙyar na kai bayan madafi na amayar da kunun da na sha. Ina kuskure baki na ɗago, sai ga Shafa tsaye da Ummi a baya, tana kallona da wani irin ido.

"Anti, mi ya same ki?"

"Ƙaurin kifin nan ne," na ce.

"Kifin da kika ci jiya har da kai?" Ta matso, ta rage murya. "Halan kin yi ɓatan wata?"

Na shiga lissafi a raina. Gaskiya al'adata ta ɗan jinkirta. Gaskiya kuma ta saba jinkirtawa, na san da haka sarai. Amma wannan sanin sai na ɗauke shi na ajiye gefe, kamar yadda ake kawar da tsintsiya in baƙi sun shigo. Na sunkuyar da kai na yi murmushi. Murmushin nan shi ya jawo komai.

"Kada ki gaya wa kowa," na ce.

"Wa zan hwaɗa ma?" in ji ta. Ta juya ta nufi ɗakin Inna kai tsaye.

A bayan gidan akwai wata bishiyar dogon yaro, a inda katanga ta ɗan zube, ana hango fadama. Can na kai tabarma na kwanta. Damina ta ɗauke ba da daɗewa ba, shinkafa ta fara nuna, rabi kore rabi ruwan zinari, iska na bi ta kanta tana kwantar da ita tana tashi. Belbelu na sauka suna tashi. Can nesa gulbi na ƙyalli, wani mutum a kwalekwale yana tafiya a hankali kamar ba shi da inda za shi. Jikina ya yi ɗumi, gaɓoɓina sun yi nauyi, kaina kuma ya yi sakayau. Na ce a raina, ashe haka ake ji.

Cikina yana ta ƙugi yana murɗawa. Na ɗora hannu a kai na ce motsi ne. (Ni da nake koya wa yara kimiyya. Cikin kwana nawa ne zai yi motsi? Ban tambayi kaina ba, domin ba na son amsar.)

Mace ce, na riga na yanke. Za a sa mata sunan Inna, mu riƙa kiran ta da wani laƙabi mai daɗi. Goshin babanta za ta ɗauko, amma hancina. Na gan ni ina yi mata kalaba tana kuka, na gan ta tana bin belbelun nan da gudu a kan kunyar gona, Baba na riƙe da hannunta. Kafin azahar na yaye ta, na sa ta a ajina, na hana kaina nuna mata bambanci a gaban yara. Na ɗan yi barci na farka, na tarar ta gama jami'a, muna gardama da Bashar a kan wanda za ta aura.

Inna ba ta ce mini komai ba, don ba a faɗin irin wannan. Amma da na tashi zan ɗauki taɓarya sai ta karɓe. Da na sunkuya zan ja guga sai ta ce, "Bari, ɗiyata, akwai masu yi." Ta shimfiɗa mini dardumarta a inuwar rumfa, ta sa mini matashi a baya. Na ga gefen bakinta yana rawa, tana danne fara'a.

Bashar ya bi Baba fadama tun da safe. Na kira shi a waya.

"In za ka dawo ka zo mini da tsamiya. Da goruba."

Ina jin kukan tsuntsaye ta cikin wayar.

"Tsamiya?" ya ce a hankali.

"Tsamiya."

Ya dawo da leda cike, wadda za ta ishi mai kunun sayarwa. Ya tsaya daga nesa yana kallona kamar ƙwai a bakin tebur. Na lura fuskarsa ta yi fayau, gumi na tsattsafo masa a goshi. Na ce farin ciki ne ya yi masa yawa.

Bayan azahar sai matan maƙwabta suka fara shigowa. Wannan ta zo aron rariya, waccan ta zo aron rariya, har na fara mamakin yadda unguwa guda ba ta da rariya. Kowacce ta gaishe da Inna, ta saci kallona, ta nemi wuri ta zauna. A cikinsu akwai wata tsohuwa, Iya Ige, wadda ba ta da haƙori ko ɗaya amma bakinta ya fi na kowa kaifi. Ni kuma ina zaune a kan darduma ina tsotsar tsamiya, ina lumshe ido. In zan gyara zama sai in dafa ƙugu da hannu ɗaya. (Na san abin da kuke tunani. Ni ma shi nake tunani yanzu.)

Ummi ce ta fara. Tana tsakar gida tana wasa da murfin kwano sai ta yi amai, ta ɓata zanenta ta baya. Matan suka ce haƙori ne, duk yaro haka yake. Ba a jima ba sai Bashar ya fito daga ɗaki da sauri, hannu a baki, ya yi bayan madafi. Muna jin sa.

Iya Ige ta gyaɗa kai. "Akwai mazan da ka taya matansu laulayi. Alamar so ta."

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Ni kuwa na rufe fuska da mayafi, raina fari tas. Miji mai taya laulayi. Wa ya kai ni?

Sai aka idar da la'asar. Muka ji gyaran muryar Baba daga zaure, matan suka gyara lulluɓi. Amma gyaran muryar bai kai ƙarshe ba, ya katse a tsakiya. Baba ya shigo da wani sauri da ban san shi da shi ba, ya dafa rumbu, ya sunkuya, ya yi abin da ni na yi da safe.

Tsakar gida ta yi tsit. Har kaji suka yi shiru.

Iya Ige ta kalli Baba, ta kalli Inna mai jikoki, ta dawo da idonta kaina.

"To shi kuma Malam," ta ce, "wa shika taya?"

Babu wadda ta yi dariya, kuma da an yi da ya fi mini sauƙi. A daidai wannan lokacin ne murɗawar da na wuni ina kira motsi ta sauka ƙasa, ta gaya mini ainihin sunanta. Na miƙe ba tare da na dafa ƙugu ba. Na suri buta. Banɗaki ɗaya ne a gidan, can ƙarshen tsakar gida, ƙofarsa fallen kwano. Ina isa ta hagu, Baba yana isowa ta dama, shi ma da butarsa.

Ranar na fara ganin fuskar surukina sosai. Ashe yana da ɗan tabo a gira. Ashe idanunsa irin na Bashar ne.

Abin da tarbiyya ta ce in yi a fili yake: in durƙusa, in ja da baya, in ɓace. Uwata ta koya mini, kakata ta koya mini. Baba ya kawar da kai, ya ja baya taku ɗaya, ya ce da wata murya a matse, "Shiga, ɗiyata."

Kamata ya yi in ce a'a. Kamata ya yi in rantse sai ya fara.

Na ce, "Na gode, Baba." Na shige na ja kwano.

Fallen kwano ba ya ɓoye sirri. Mata cike da tsakar gida, surukina tsaye a waje yana jira, ni kuma cikina bai san kunya ba. Ina tsugune ina roƙon ƙasa ta buɗe. Sai na ji Baba ya ɗaga murya, shi da ba ya ɗaga murya, yana yi wa Inna bayanin tsuntsayen da ke cin shinkafa. Yadda suke zuwa da safe, yadda ba sa tsoron gwangwani yanzu, yadda ya kamata a ƙara igiya ta gabas. Duk lokacin da abin ya yi ƙara, sai tsuntsayen su ƙara yawa. Bawan Allah, shi ma a matse yake, amma ya tsaya yana rufa mini asiri da tsuntsaye.

Da na fito, masu aron rariya sun watse. Ko ɗaya ba ta tafi da rariya ba.

Shafa ta kira yayarsu, Yaya Rabi, wadda ke aikin jinya a Argungu. Kafin magariba ta iso a kan mashin da jakarta. Ba ta tsaya dogon gaisuwa ba, ta bi mu ɗaya bayan ɗaya da tambayoyin da ba a yi wa mutum a gaban jama'a. Akwai jini a bayan gidan? Fari ne fat kamar ruwan wankin shinkafa, yana zuba ba tsayawa? Kana yin fitsari? In ka sha ruwa yana zama? Har Baba sai da ya amsa, yana kallon sama.

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Da kun ce mini hwari na kamar ruwan shinkahwa, ko da jini, da yanzu duk muna hanya. Wanga ciwon ciki na mai yawo, daga hannu zuwa baki. Wataƙila can wurin biki kunka ɗauko shi. Amai, gudawa, ɗan zazzaɓi, ciwon jiki. Shina wucewa da kansa cikin 'yan kwanaki. Abin tsoro guda na: ruwan jiki ya ƙare."

Bashar, yana kwance kamar wanki, ya ce a sayo masa kafso da maganin tsayar da gudawa. Ta ce ba kafson da zai sha, ba ya kashe irin wannan. Ta sa aka tafasa ruwa ya huce, ta auna lita ɗaya, ta juye fakitin gishiri da sukari na asibiti. Ta nuna wa Inna yadda za ta yi in fakitin ya ƙare: ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a lita ɗaya, kada ya fi hawaye gishiri. Ta ce kurɓi kaɗan-kaɗan za mu riƙa yi, ba kwankwaɗa ba. In an yi amai a ɗan jira, a ci gaba. Ta ware wa kowa kofinsa. Ta ajiye sabulu da buta a ƙofar banɗaki, ta hana duk mai ciwon taɓa tukunya. Ta ɗauke ledar tsamiyata.

Da ta zo kan Ummi sai fuskarta ta canja. Yarinyar ta yi laushi, tana kuka amma babu hawaye, bakinta a bushe, idanunta sun faɗa. Shafa ta ce tun rana ba ta jiƙa zane da fitsari ba, kuma ko nono ta kama sai ta dawo da shi. Yaya Rabi ta ɗan ja fatar cikinta ta saki, fatar ta yi jinkirin komawa.

"Manya su zauna gida," ta ce. "Wagga kam asibiti za mu, yanzu."

Nan kunyata ta tafi hutu. Na tuna tun azahar yarinyar nan take zubar da ruwa, mu kuwa muna zaune muna cewa haƙori ne, hankalin kowa yana kan cikin da babu. Aka sami mota, ita da Shafa suka tafi da yarinyar Argungu. Na kwanta a ɗaki da kofina, ina kurɓa ina addu'a, zazzaɓi na kai ni yana dawo da ni. Duk lokacin da na rufe ido sai in ga shinkafa tana kwanciya tana tashi, amma yarinyar da ke gudu a kan kunya ba tawa ba ce, Ummi ce.

Washegari da hantsi Shafa ta bugo waya. An yi wa Ummi ƙarin ruwa, ta kama nono, har ta fara ƙoƙarin cire abin da aka manna mata a hannu. Inna ta zauna a bakin murhu ta rufe fuska da tafin hannu, ta daɗe a haka. Daga nan ta dama mana kunu mai ruwa-ruwa, da rana ta ba mu farar shinkafa ba mai ba yaji, da ayaba. Ban taɓa sanin farar shinkafa tana da daɗi haka ba.

Da yamma Yaya Rabi ta dawo duba mu. Ta ja ni ɗaki, ta miƙo mini ɗan abin gwajin ciki a takarda.

"Don zuciyarki ta huta," ta ce.

Na san amsar, amma na gwada. Layi ɗaya, wato babu ciki. Na zauna a bakin gado ina kallonsa. Abin dariya ne, na sani, amma wadda na yi wa kitso, na sa a makaranta, na kusa aurarwa, sai da na yi mata kuka. Bashar ya shigo yana dafa bango, ya zauna kusa da ni. Can ya ce, "Ni har na fara tunanin rago." Muka yi dariya, muna riƙe da ciki, don dariyar ma ciwo take.

Abin da na fi tsoro shi ne haɗa ido da Inna. Ranar da za mu koma Birnin Kebbi na durƙusa ina yi mata sallama, kaina a ƙasa, na ce ta yi haƙuri da abin da na jawo.

"Mi kika jawo?" ta ce. "Ke kika yi mahwarki, ni na taya ki. Ni da na haihi shida ban gane ba, ke za ki gane?" Ta ɗora hannu a kaina. "Mai bayarwa bai manta gidanku ba. Tashi, kada ku yi rana."

Har yanzu muna jira, ni da Bashar, kuma jiran ya fi da sauƙi. Abin da na koya dai shi ne, in zuciyata ta tashi yanzu, kafin in fara zaɓen suna sai in leƙa in ga ko akwai wani a gidan da ke neman buta. In akwai, in tafasa ruwa, in ɗauko sabulu, in fara duba mafi ƙanƙanta a gida.

Da muka koma Gulma da sallah, na tarar an gina sabon banɗaki a ɗaya kusurwar, da bulo, da ƙofar katako mai sakata. Baba bai taɓa faɗin dalili ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Na durƙusa na gaishe shi, kaina a ƙasa. Ya amsa, ya ɗan tsaya, ya ce bana tsuntsaye sun yi sauƙi. Na ce Allah ya ƙara sauƙi.